Ranar da Na Ƙona Wurin Zamanta

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, har da waɗanda na yi kuka a kansu kamar raina zai fita. Amma abin da na yi wa wata yarinya a tsakar gidana a Dutsin-Ma, wata ranar Laraba cikin azumi, ban ga ranar da zai bar zuciyata ba. An yi shekaru, na haihu, na yaye, na sake haihuwa, amma har gobe idan na ji ƙaurin tabarmar roba tana cin wuta sai gabana ya faɗi.

Ni malamar firamare ce, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ga takardar koyarwa, ga baki, ga shi ba na ɗaukar raini. Da na lura mata da yawa a unguwarmu suna wurin aiki har yamma, wasu a jami'a, wasu a asibiti, wasu a sakatariya, yara kuwa ana tashinsu tun da azahar, sai na sa aka kafa mini rumfar kwano a tsakar gida na buɗe lesin. Yara su zo da kulolinsu na abinci, su ci, su yi salla, mu yi aikin gidan da aka ba su a makaranta, mu ɗan taɓa lissafi da karatu, bayan la'asar iyaye su zo su kwashe su. In za a faɗi gaskiya rabin aikin reno ne, amma wa ya isa ya kira ni mai reno a lokacin? Maigidana yana aiki a Katsina, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka daga ni sai mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya, muke yini a gidan da yaran mutane.

Wata rana da yamma wata mata 'yar siririya ta yi sallama, tana riƙe da hannun yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba. Yarinyar tana jan ƙafar hagu, hannun hagun kuma a lanƙwashe yake a ƙirjinta. Matar ta ce ita mutuniyar Ɗantutture ce ta ƙasar Kurfi, mijinta ya rasu, tana aikin shara a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, ba ta tashi sai biyar. Sanƙarau ne ya kama yarinyar tana 'yar shekara biyu ya bar ta haka. Wuri biyu ta kai ta lesin, duk aka ce mata babu gurbi, alhali da idonta ta ga tabarmi babu kowa a kansu. Abin da take yi shi ne, in an tashi makaranta sai ta roƙi izini ta sheƙo gida, ta kulle yarinyar a ɗaki, ta koma bakin aiki. Awa uku kullum yarinya tana kulle ita kaɗai.

Na buɗe baki zan ce ta kawo ta, sai matar ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Malama, ba zan ɓoye maki ba. Ɗiyar nan tana da hwarhwaɗiya. Tana shan magani safe da dare, ta hi wata shida ba ta hwaɗi ba, amma gara ki sani tun yanzu.”

Na ɗan tsorata, ba zan yi ƙarya ba. Amma na riga na hango kaina a matsayin malamar da ta karɓi yarinyar da kowa ya ƙi, kuma hoton ya yi mini daɗi. Na ce ta kawo ta gobe. Sannan na rage murya na ce ta bar maganar faɗuwar nan tsakanina da ita, kada iyayen yara su ji, kada ma Hajiya ta ji. A ganina rufin asiri nake yi mata, irin wanda aka tashe mu da shi. Yau na san kaina nake rufa wa asiri, don ba na son ko uwa ɗaya ta janye ɗanta. Ban kuma tambaye ta abu mafi sauƙi ba, wato me ake yi wa yarinyar idan ta faɗi.

Yarinyar ta shiga cikin yara fiye da yadda na zata. Ranar farko ta duba rumfar ta zaɓi gindin dirkar da ke kusurwar gabas, saboda da ita take dafawa ta miƙe ba sai ta nemi wani ya ɗaga ta ba. Nan uwarta ta shimfiɗa mata wata 'yar tabarmar roba shuɗiya, nan ya zama wurinta, ba mai zama ko ba ta iso ba. Kwana biyu yara suna leƙen hannunta suna ƙus-ƙus, rana ta uku ta zauna 'yar carafke da hannu ɗaya ta cinye su kaf, shi ke nan aka koma rububin wa zai zauna kusa da ita. Ga ta da tsokana. In na yi kuskure a allo ba ta cewa komai, sai ta yi ta gyaran murya har na waiwayo. Ni kuwa duk baƙon da ya shigo sai na nuna ta, ina cewa mu nan ba ma ware kowa. Wata biyar muka yi a haka.

Sai azumi ya kama, cikin zafin nan na bazara da ko inuwa ba ta da daɗi. Yaran lesin suka shiga gasar wa ya fi yawan azumi, kullum da sun iso sai ƙirge-ƙirge da gori. Yarinyar kuwa uwarta ta hana ta yi saboda magani. Daga baya na ji cewa kwana uku a jere tana ɓoye ƙwayar safe a ƙarƙashin matashi, tana zubar da kokon da aka ba ta, don ita ma ta zo ta ce tana azumi kamar kowa. Ni ina jin ta tana ƙirga nata tare da su, har na yaba mata.

Ranar Larabar, ina tsaye a allo, sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba. Na waiwaya na ga yarinyar ta sandare, ta kife gefe. Jikinta ya shiga fizga, idanu suka juye, kumfa tana fita ta gefen baki, kanta yana bugun gindin dirkar nan. Yara suka watse da ihu, wasu suka yi zaure, wasu suka faɗa ɗakin girki. Na yi taku biyu zuwa wurinta, sai muryar Hajiya ta tare ni daga ƙofar ɗakinta.

“Kar ki taɓa yawun nan, kina da ciki!”

Ina da cikin wata uku a lokacin. Na tsaya cak. Da Hajiya ce ta riƙe ni da hannu da na samu abin fakewa, amma ba wanda ya riƙe ni. Duk abin da na taso ina ji ne ya dawo mini lokaci guda, cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka ka ɗauka, in ka tsallaka inda ya faɗi ka ɗauka. Ina tsaye taku uku daga yarinyar da aka ba ni amana, kanta yana bugun itace, ni kuma ina riƙe da cikina ina salati. Ban san minti nawa aka yi ba. Da jikin ya saki, ta yi fitsari a kwance, goshinta ya fashe, ta ciji harshe. Sai a sannan na naɗe hannuwana da tsohon zane, na ja ta zuwa zaure na kwantar a kan buhu, don Hajiya ta rantse ba za a shigar da ita ɗaki ba. Barci mai nauyi ya ɗauke ta.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Iyaye mata uku suka iso kusan tare, da wani uba ɗaya mai manyan takardu wanda na zaci shi zai kwantar da hankalin sauran, ashe shi ya fi kowa zafi. Suka tsaya nesa da kusurwar nan suna janye yaransu. Ɗaya daga cikin matan ta dube ni ido cikin ido ta tambaya ko na san da wannan ciwon na haɗa ta da 'ya'yansu wata da watanni. Ni da nake taƙama ba na tsoron kowa, na buɗe bakin da nake azumi da shi na ce wallahi ban sani ba, uwar ba ta faɗa mini ba.

Hajiya ce ta kawo mafita, kuma ba da mugunta ba, don ita haka ta taso ta ga ana yi. Ta ce ai abin da sauƙi, a ƙona wurin da ta faɗi, wuta ta cinye ciwon, duk wanda ya taka bayan nan ba abin da zai same shi. Nan take fuskokin iyaye suka saki. Suka ce in an yi haka a gabansu, yaransu za su dawo gobe. Na san a cikin raina wannan ba magani ba ne, mun taɓa karanta wani abu a kai a kwaleji, amma ban tsaya tuno shi ba don ba na son in tuna. Na ɗebo kara da tsofaffin kwalaye na tara a gindin dirkar, a kan tabarmarta shuɗiya, na yayyafa kananzir. Da hannuna na ƙyasta ashana.

Wutar ta tashi, robar ta shiga narkewa tana baƙin hayaƙi, yara suka zagaye daga nesa suna kallo kamar ana wasa. Ina riƙe da sanda ina tura gefen tabarmar cikin wuta, sai na ji wurin ya yi tsit. Na waiwaya. Tana tsaye a bakin zaure, ta dafa bango da hannunta mai lafiya, rigar makarantarta a jiƙe, jini ya bushe a goshinta. Ba ta san ta faɗi ba, masu ciwon ba sa tunawa. Ta farka ne kawai ta ga malamarta tana ƙona tabarmarta a gaban ƙawayenta, su kuma suna ja da baya daga inda take.

Harshenta ya kumbura, da ƙyar maganar ta fito. “Malama, wurina ne nan.”

Na ce za a ba ta wani wurin. Ta dubi rumfar daga wannan gefe zuwa wancan, ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “A ina?” 

Ana cikin haka uwarta ta sauka daga mashin, wani ya riga ya kai mata labari. Tana shigowa ta ga hayaƙi, ta ga 'yarta, ba ta buƙaci bayani ba. Matar nan da ta tambaye ni ɗazu ta yi kanta da faɗa, wai ba ta ji tsoron Allah ba da ta ɓoye ciwo irin wannan har ga malamar da ta taimake ta. Uwar yarinyar ta juyo ta dube ni. Kallon bai yi tsawo ba, amma na so ƙasa ta tsage in shige. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tona ni, ba ta faɗa ba. Tun farko na ce ta bar maganar tsakaninmu, kuma ta bar ta. Ta kwance mayafinta, ta durƙusa, ta goya yarinya 'yar shekara tara a baya, ƙafafun suna reto har gwiwarta.

“Mun gode da riƙon da kika yi mata, Malama. Allah shi saka.”

Washegari yara suka dawo, ba wanda ya rage sai ita. Abin da ya fi ba ni kunya in faɗa shi ne, a makon farko sauƙi na ji. Na ce wa kaina bayan Salla za ta dawo in ƙura ta lafa, amma ko aike ban yi ba, ko sannu da jiki. Baƙin tabon yana nan a kusurwa, gindin dirkar ya babbake, yara suna kewaye shi ko da an ce wuta ta cinye komai. Salla ta zo ta wuce, ba ta dawo ba.

A wurin awo na gane girman abin da na yi. Na tambayi wata nas dattijuwa, a fakaice, wai ko mai ciki tana iya ɗaukar farfaɗiya daga yawu. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni ta ce kamar malama irina? Ta ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba ya bin yawu, ba ya bin ƙasa, ko kwano ɗaya kuka ci shekara ba ka ɗauka. Abin da ake yi kawai a kawar da abin da zai ji wa mutum rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a cusa masa komai a baki, in ya lafa a juya shi gefe, a zauna kusa da shi har ya farfaɗo. Duka-duka ke nan. Mayafina kaɗai da na ninke na sa a ƙarƙashin kanta da ya isa. A kan bencin asibitin na zauna na yi kukan da ya kamata in yi tun ranar.

Na nemi uwar a wurin aikinta. Ta gaishe ni da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ta ce bayan abin da ya faru ba ta iya sake kulle yarinyar ita kaɗai ba, kuma labari ya kai makarantar boko har iyaye sun fara magana, don haka ta mayar da ita wurin kakarta a Ɗantutture. Makarantar da ke can ta yi wa ƙafarta nisa, karatu ya tsaya. Na ce ina so ta dawo, zan tara iyaye in faɗi gaskiya, wanda zai janye ɗansa ya janye. Ta ce in je in tambayi yarinyar da kaina, in ta yarda ita ba ta da ta cewa.

Wata Asabar na shiga mota zuwa Kurfi, daga nan na hau mashin. Damina ta yi nisa, gero ya fi tsayin mutum, hanya duk caɓi, ga shi ana ta gargaɗin a bar bin ƙauyuka saboda rashin tsaro. Na same ta a inuwar rumbu tana tsinkar zogale da hannu ɗaya, ta danne reshen da ƙafa. Ta rame. Da ta gan ni ta dafa rumbun ta miƙe, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowane baƙo, babu gyaran murya, babu tsokana. Kakarta, wadda take kira Inna, ta shimfiɗa mini tabarma ta ce ta kawo wa malamarta ruwa. Ta kawo, ta ajiye kwanon a gabana, ta ja baya sosai.

“Sha, Malama, na baƙi ne. Ni nawa daban yake, ban taɓa sa baki ga wanga ba.”

Na dubi tsohuwar. Ta girgiza kai ta ce su ba su taɓa ware ta ba tun tana jinjira, kwano ɗaya suke sha. Amma tun da aka dawo da ita ta ware nata kwanon, ta hana 'yan'uwanta ƙanana zama kusa da ita, wai kada su ɗauka. An yi faɗan, an yi lallashin, ta ƙi. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba ta ce, “Can birni ta koyo shi.”

Na durƙusa da cikina a gaban yarinyar na faɗa mata komai. Na ce ciwonta ba a ɗauka, nas ce ta faɗa mini. Na ce abin da na ƙona ba ciwo ba ne, tabarmarta ce kawai, kuma na yi wa uwarta ƙarya a gaban mutane. Na miƙa mata kwanon na ce ta sha in sha ragowar, ta ɓoye hannunta a baya. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Sannan na ce ta dawo, ƙawayenta suna tambayarta, zan sa a yi mata wuri a gaba kusa da allo. Ta tsaya kallon zogalen da ke cikin faifai, har na fara sa rai.

“A'a, Malama. Nan in na hwaɗi, Inna riƙe ni take.”

Ba ta dawo ba. Bayan shekara uwar ma ta ajiye aikin ta koma gida, daga baya na ji sun tashi daga ƙauyen lokacin da hankula suka tashi, ban san inda suke ba yanzu. Yarinyar da take gyara mini lissafi a allo, a aji huɗu karatunta ya ƙare.

Har yau ina da lesin, kuma yara masu larura sun ratsa ta hannuna bayanta, da kurma, da mai keken guragu, da wani mai irin ciwonta. Yanzu ba na karɓar yaro sai na zaunar da uwarsa ta koya mini abin da ake yi masa a ranar da jikinsa ya ƙi, sannan in tara iyaye da yara in faɗa musu a fili. Wasu sun janye 'ya'yansu, na raka su har zaure. Duk wannan bai mayar da ita aji ba, kuma ba na yaudarar kaina cewa ya biya. Abin da na koya, a kan yarinyar da ba ta yi mini laifin komai ba, shi ne buɗe wa yaro irin wannan ƙofa ba shi ne karɓarsa ba. Wata biyar na yi ina nuna ta ga baƙi, amma 'yan mintocin da take buƙatata a cikinsu ina tsaye nesa. In ka san ba za ka iya durƙusawa ka riƙe shi ranar da ya faɗi ba, to tashi ka koyo tun kafin ka ce a kawo shi.